Sandar da ke kai aradu ƙasa

Darasinmu na yau kan eriya ne.

Wasu na kafa doguwar eriya don su zanta da mutanen nesa ta radiyo. To, abu mai tsawo aradu ta fi faɗa wa. In ba ta samu hanyar shiga ƙasa ba, sai ta bi waya har ɗaka. Ta ƙone radiyo, ta halaka mutum.

Ga dabara. Ku samu sanda mai rufin jan ƙarfe, tsawon metir 2. Ku kafa ta cikin ƙasa, gindin eriya. Ku haɗa su da waya mai kauri, gajera.

Amma ku lura, busasshen rairayi ba ya shan wutar aradu kamar ƙasa mai laima. Don haka ku kira ma'aikacin lantarki ya auna da na'urarsa. Sunan awon om. Ana son kada ya wuce 10. In ya wuce, ku ƙara sanda ta biyu, metir 4 tsakaninsu, ku haɗa su.

Da rani ake awon, sa'ad da ƙasa ta fi bushewa. Da damana kuwa, in hadari ya taso, ku cire wayar eriya tun ba a fara tsawa ba.

Allah shi kai mu sati mai zuwa.