Wa Zai Koyar Da 'Ya'yanmu?

Jama'ar Fakku, dattawa da magidanta. Da yawa daga cikinku sai da gemu ya fito kana kuka riƙe alƙalami, kun kuwa san abin da rashin karatu ya jawo muku a kasuwa da asibiti da gaban alƙali. Saboda haka ba sai na gaya muku amfanin ilmi ba. Abin da ya kawo ni yau magana guda ce, watau in yaronku ya gama sakandare zai tafi jami'a, wane karatu za ku sa shi a kai.

Na san amsar yawancinku. Wannan ya ce likita, wancan ya ce lauya, wani ya ce injiniya. Da wuya ka ji uba ya ce, "Ɗana malami zai zama." Sai an nemi waɗancan an rasa, sa'an nan a tura yaro karatun malanta yana ɓata rai. To, ku duba abin da wannan ke haifarwa. Wanda ya shiga aiki ba da so ba, jikinsa ne a aji, zuciyarsa tana wani wuri. Ran da ya sami wata hanya sai ya ajiye alli ya tafi. Malamin da aka turo daga nesa kuma, bai san kowa a gari ba, iyalinsa suna birni, ko yaushe neman canji yake yi. Wa ke asara? 'Ya'yanku ne, waɗanda za su yi shekara shida a firamare su fito ba su iya karanta wasiƙa ba.

Ku sani raina malanta baƙon abu ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malami ne. Ya yi shekaru yana karantarwa a Degel, yana yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, tun kafin hijirarsa a 1804. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu malami ne. 'Yarsa Nana Asma'u ta horar da mata, waɗanda ake kira jajis, ta tura su ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata. Da alli da allo aka fara gina daular nan.

Haka kuma a zamanin boko. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, don horar da malamai aka kafa ta. Daga can Ahmadu Bello ya fito a 1931, ya zo ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin ya zama Sardauna. Abubakar Tafawa Balewa ma can ya yi karatu, ya koyar a Bauci, a 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya ƙaro ilmin koyarwa, daga baya ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ya bi bayansa zuwa Landan a 1946. Ga kuma maƙwabcinmu, Alhaji Shehu Shagari, ya koyar a Sakkwato, ya yi shugaban makaranta a Argungu, a 1979 ya zama Shugaban Ƙasa. Ba don ku sa rai ɗanku zai yi mulki na kawo sunayen nan ba. Na kawo su don ku ga cewa a wancan lokaci yaran da suka fi kowa ƙwazo su ake zaɓa wa malanta.

Yanzu ga hanyar, don kowa ya san ta. Da su Tafawa Balewa sai da suka ƙetare teku, ɗanku kuwa mota ɗaya ko biyu za ta kai shi. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, an kafa ta a 1975, tana da sashen ilmin koyarwa. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962. Abin da ake nema ga yaro shi ne ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar gama sakandare, cikinsu har da Turanci, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne. A ciki zai ƙware a darasin da zai koyar, ko lissafi, ko kimiyya, ko Hausa, ko Larabci, ko addinin Musulunci. Zai kuma koyi yadda hankalin yaro ke girma, da yadda ake shirya darasi, da yadda ake riƙe aji. Kafin ya gama za a tura shi wata makaranta ya yi makonni yana koyarwa, malamansa suna zuwa suna duba shi.

Wanda bai sami jami'a kai tsaye ba, ƙofa ba ta rufe ba. Sai ya shiga kwalejin horon malamai ya yi shekara uku ya sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da hukuma ta yarda a koyar da ita. Da wannan takarda yana iya kama aiki, yana kuma iya shiga jami'a daga aji biyu. Bayan haka akwai hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba shi lasisin aiki.

Ba zan ɓoye muku wahalar abin ba. Albashin malami kaɗan ne, wani lokaci kuma yakan makara. Wanda ke neman ya tara dukiya da sauri, wannan ba hanyarsa ba ce. Amma ɗan gari yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ba ya biyan kuɗin haya, gonar gado tana nan, in an tashi makaranta da rana yana iya leƙa ta. Ya san uban kowane yaro, in yaro ya yi fashi ya san gidan da zai tafi. Shi ya sa ɗan gari ke iya zama shekara ashirin inda baƙo ba ya iya shekara biyu.

Ba kowane yaro ne ya dace ba. Ku duba cikin gidajenku. Wanda kuka ga yana tara ƙannensa da dare yana yi musu bita, ba ya fushi in an tambaye shi abu sau uku, yana kuwa da ƙoƙari a aji, to, wannan shi ne. Ku kira shi ku yi shawara da shi tun kafin ya cika takardar JAMB, gama zaɓin da ya rubuta a takardar nan shi zai bi shi. Kada kuma ku manta da 'yan mata. Iyaye da yawa ba su sakin 'ya'yansu mata zuwa makaranta sai sun ga malama a cikinta, malamar nan kuwa daga gidan waninku za ta fito.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya na ƙasa a 1999. Hukuma tana iya gina aji ta sa kujeru, amma wanda zai tsaya gaban allo ku za ku ba da shi. Ina roƙon kowane magidanci ya koma gida ya yi tunani a kan wannan.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu ilmi mai amfani.