Rigobert Song: Daga Kyaftin Zuwa Koci

Mai karatu, ko kana nan Banyo, ko Garwa da Ngaundere, ko can ƙetaren iyaka a Gembu, Yola da Mubi. A filin wasanninmu na wannan mako mun ɗauko mutumin da masu kallon ƙwallo a ɓangarorin iyakar nan biyu suka sani farin sani, wato Rigobert Song. Tambayar da muke son mu taɓa ita ce: shin gwanin ɗan wasa, in ya ajiye takalmi, shi ke nan ya zama gwanin koci?

Mu fara da ranar da 'yan'uwanmu na Najeriya har yau ba su manta ba, 13 ga Fabrairun 2000, a babban filin wasa na Legas. Wasan ƙarshe ne na Kofin Afirka. Eto'o da Mboma suka ci wa Kamaru biyu, Chukwu da Okocha suka farke, aka tafi bugun fenariti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfe ta faɗa bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Wanda ya zo ya buga ta ƙarshe, filin ya yi tsit, shi ne kyaftin ɗin Zakunan Kamaru, Song. In kana son gardama ta tashi a majalisar mai shayi a Gembu, to ka ambaci wannan dare.

An haifi Song ranar 1 ga Yulin 1976 a kudancin Kamaru. Ya fito daga Tonnerre ta Yawunde, kuma yana ɗan shekara 17 ya je gasar Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, inda aka ba shi jan kati a wasa da Birazil. A 1998 ma ya sake karɓar wani a wasa da Chile. Mai tsaron baya ne mai zafin nama, ba ya ja da baya. Ya yi wasa a Metz ta Faransa, da Salernitana ta Italiya, da Liverpool da West Ham a Ingila, sannan Galatasaray ta Turkiyya inda ya ci gasar ƙasar a 2006 da 2008. Ya sa rigar Kamaru sau 137, ya je Kofin Duniya sau huɗu, Kofin Afirka sau takwas, ya ɗaga shi sau biyu.

Na biyun, a Bamako a 2002, akwai abin da nake so ka riƙe. An sake zuwa fenariti, wannan karon da Senegal. Song ya buga tasa aka kaɗe. Kyaftin ɗin Senegal, Aliou Cissé, shi ma ya buga tasa, Alioum Boukar ya tare, Kamaru ta ɗauki kofi. Riƙe sunan Cissé, za mu dawo kansa.

Song ya daina wasa a 2010. A watan Oktoban 2016 ya yanke jiki ya faɗi a gidansa a Yawunde, jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ya yi kwana biyu bai san inda kansa yake ba, aka kwashe shi zuwa Faris. Da yawa sun fid da rai. Allah Ya tashi kafaɗunsa, ya dawo gida da ƙafafunsa. Daga nan ya jagoranci 'yan wasan cikin gida a gasar CHAN ta 2018, da 'yan ƙasa da shekara 23 a 2019. Duka biyun ba su wuce zagayen rukuni ba.

Duk da haka, ranar 28 ga Fabrairun 2022 aka damƙa masa babbar ƙungiyar ƙasa, watanni kaɗan bayan tsohon abokin wasansa Samuel Eto'o ya zama shugaban hukumar ƙwallo. Saura ƙasa da wata guda a kara da Aljeriya don neman gurbin zuwa Katar. Aljeriya ta zo Duwala ta ci ɗaya da nema. A Blida kuma, bayan an yi ƙarin lokaci, Aljeriya ta ci ƙwallon da kowa ya ɗauka ta rufe zance, sai ga Toko Ekambi a minti na 124 ya jefa ta raga. Ai wannan dare babu wanda ya yi barci da wuri a Kamaru.

A Katar ma an ga irin wannan zuciya. Sabiya tana gaba da 3 da 1, Vincent Aboubakar, yaron da Coton Sport ta Garwa ta raina, ya shigo ya ci ɗaya ya ba da ɗaya, aka tashi 3 da 3. Ranar 2 ga Disamba ya sa wa Birazil kai a mintunan ƙarshe, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta doke Birazil a Kofin Duniya. Amma fa an dawo gida tun daga rukuni, ga kuma saɓani da mai tsaron gida André Onana, wanda ya bar sansani gasar ba ta ƙare ba.

Mutanen Garwa sun ga wannan ƙungiya da idonsu a Satumban 2023, a filin Roumdé Adjia. Da an sha kashi a hannun Burundi, da babu zuwa Kofin Afirka. Aka ci 3 da nema, Aboubakar ya ci ta ƙarshe a gaban mutanen garinsa. Sai dai a Kodebuwa, Senegal ɗin Aliou Cissé ta ci Kamaru 3 da 1, sannan ranar 27 ga Janairun 2024 Ademola Lookman ya ci biyu, Najeriya ta sallami Zakuna.  Da wa'adin Song ya cika a Fabrairu, ba a sabunta ba.

To, me muka gani? Abin da Song yake da shi tun yana ɗan wasa, wato zuciya da iya tayar da ƙwarin gwiwar maza, ya taho da shi benci, kuma ya yi aiki a ranakun da aka ƙure. Abin da aka yi ta kuka da shi kuwa shi ne tsari: yau wannan jeri, gobe wancan, har Namibiya ta doke Kamaru a wasannin share fage. Kyaftin yana jan mutane da ƙafarsa da muryarsa a cikin fili. Koci kuwa aikinsa yana kan allo da filin atisaye, da karanta abokin karawa, da sanin wanda zai cire a minti na 60. Wannan koyonsa ake yi, kuma yana cin shekaru.

Dubi Stephen Keshi. Ya ci Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, amma sai da ya kai Togo Kofin Duniya na 2006, ya riƙe Mali, kafin ya ci wa Najeriya kofin a 2013. Dubi Cissé. An ba shi Senegal a 2015, Kamaru ta fitar da shi a 2017, Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe a 2019, amma aka bar shi a kan aikinsa, har ya ɗaga kofi a filin Olembe na Yawunde a 2022. Shekara bakwai aka jira shi. Song biyu ya samu. Don haka in za mu yi masa hisabi, mu sa har da masu naɗawa da sauke koci cikin gaggawa.

Kai kuma matashi da ke buga wa ƙungiyar unguwa ko ta gari, ƙafa tana da wa'adi, wani lokacin ma rauni ɗaya ne ke yanke shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana sha'awar horarwa, fara tun yanzu: tara yaran unguwa da yamma, zauna kusa da kocinka ka tambaye shi dalilin kowane canji, nemi kwas ɗin horarwa na hukumar ƙwallo in ya zo yankinku. Ku kuma masu kuɗin gari da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, a daina korar koci don an ci shi wasa biyu.

A Janairun 2025 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta ɗauki Song ya horar da 'yan wasanta, ya tafi ci gaba da koyon sana'ar a maƙwabta. Muna jiran ra'ayinka: gaggawa aka yi wajen naɗa shi, ko wajen sauke shi? Aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba.