Injin Zarton Zayyana: Yadda Kafinta Zai Zaɓi Mai Ƙarko da Sauƙin Kulawa

 

An nemi in yi magana a kan injin zarton zayyana, wanda masu ƙera shi suke kira sukurol so. Ƙaramin inji ne da ake ɗorawa a kan benci, yana da faranti, da wani siririn silin zarto mai tsawon inci 5 da ke hawa da sauka ta tsakiyar farantin. Da shi ake fitar da lanƙwasa da ɗigo da ganye a jikin katako: dagin Arewa a kan gadon amarya, rubutun Larabci a allon bango, haruffan koyar da yara a makarantun rainon ƙanana, adon ƙofar kabad da na mumbari. Abin da hannu zai wuni yana sassaƙawa, wannan inji zai fitar da shi kafin azahar, gefensa sumul, ba ya ma buƙatar sanfefa da yawa.

Maganata ta yau ga mai neman abinci da injin take, wanda zai kunna shi kullum. Mai sha'awa da zai taɓa shi sau biyu a wata, kowane inji ya saya zai yi masa. Mai sana'a kuwa lissafinsa daban ne. Inji mai bugu 1,500 a minti yana hawa da sauka sau 90,000 a awa guda. Idan ya yi awa huɗu, ya yi 360,000. Kowace gaɓa da ke jikinsa ta motsa wannan adadi, gobe ma haka, jibi ma haka. Saboda haka abin da nake so ku fita da shi daga zauren nan shi ne: injin da ya dace da ku shi ne mai ƙarancin gaɓoɓi, mai nauyi, wanda ya dace da wutarmu da ƙurarmu, wanda kuma idan ya tsaya akwai hannun da zai tashe shi a garinku.

Mu fara da gaɓoɓi, domin a nan ƙarko yake zaune

A shekarun 1870 kamfanin Barnes da ke garin Rokfod a jihar Ilinoi ta Amurka yana ƙera irin wannan zarto da ake tuƙawa da ƙafa. Har yau akwai waɗanda suke yanka daga cikinsu, bayan shekara ɗari da hamsin. Dalili a fili yake: zubin ƙarfe ne mai kauri, abubuwan da ke motsi a jikinsa kaɗan ne, kuma duk mai ido yana ganinsu ya ɗiga musu mai.

Injinan yau kashi uku ne ta fuskar hannuwan da ke riƙe da sili. Akwai mai hannu guda da ya lanƙwashe kamar lauje, yana lilo a kan gaɓa ɗaya. Yana cin katako da sauri, amma silinsa yana zuwa a karkace, kuma idan silin ya tsinke guntun sama yakan ci gaba da sara har sai an kashe. Ban ba ku shawarar sa ba, musamman inda yara masu koyo suke.

Akwai mai dogayen hannuwa biyu, sama da ƙasa, kowanne yana lilo a kan gaɓarsa, an haɗa su daga baya. Wannan shi ne tsarin da kamfanin Hegner na Jamus ya shahara da shi tun shekarun 1970. Gaɓoɓinsa ƙidayayyu ne, a waje suke, ɗigon mai lokaci zuwa lokaci ya ishe su. Yawancin ƙananan injina masu araha ma wannan tsari suka kwaikwaya, sai dai da ƙarfe marar kauri da bushin marar kyau.

Na uku shi ne wanda dogon hannunsa ba ya motsi. Wasu sanduna ne a cikinsa suke tura gajerun hannuwa biyu da ke can gaba kusa da sili. DeWalt DW788 da Excalibur, wanda aka fara ƙerawa a Kanada, da Pegas duk wannan tsari ne. Daɗin aiki gare su, karkarwarsu kaɗan ce, hannun sama yana ɗagawa don a zura sili cikin sauƙi. Excalibur da Pegas ma kan injin ne yake karkata idan ana son yanka a jirkice, faranti yana nan a shimfiɗe. Amma wannan daɗi yana da farashi: boris da bushin masu yawa ne a ɓoye a cikinsa. Idan giris ɗinsu ya bushe za ka fara jin ƙwanƙwasa, kuma sai an kwance injin kafin a kai gare su. Wanda ya san zai iya kwance shi sau ɗaya a shekara ya wanke ya sa sabon giris, ya saya, zai ji daɗinsa. Wanda ya san ba zai yi ba, tsari na biyu ya fi masa alheri.

Moto da wutar da za ta juya shi

Moto iri biyu ne. Akwai mai kabon, wato wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki. Suna cinyewa, dole a canza su, kuma galibi irin wannan moto yana tafiya ne da fanel na lantarki mai rage gudu da ƙara shi. Akwai kuma marar kabon, irin na fankar sama da famfon ruwa, wanda babu abin da ke gogar wani a cikinsa sai boris biyu. Shi ne Hegner ke amfani da shi. Idan koyil ɗinsa ya ƙone, masu naɗin koyil suna nan a kowane babban gari. Fanel kuwa idan ya ƙone, sau da yawa sai an aiko da wani daga waje, inji yana kwance wata da watanni.

Kowa a nan ya san halin wutarmu: ta yi ƙasa, ta dawo da ƙarfi, a koma kan ƙaramin janareta da ke tari. Fanel ba ya jure wannan. Idan ka zaɓi inji mai fanel, kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin injin, kada ka raba su. Abin farin ciki shi ne waɗannan injina ba su da cin wuta, yawancinsu ba su kai wat 200 ba, don haka madaidaiciyar sola mai inbata tana ɗaukarsu, kuma wutarta ta fi ta janareta daidaito.

Sannan ku karanta ɗan ƙarfen bayani da ke manne a jikin moto kafin ku biya. Wutar Nijeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce, mai zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka da Kanada volt 120 ce, mai zagaye 60. Injin kwance da ya fito daga can, idan aka jona shi kai tsaye, take zai ƙone. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ko da ita, moto marar kabon da aka yi don zagaye 60 zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, yana kuma iya ɗaukar zafi. Wanda aka yi don kasuwar Turai shi ne daidai da wutarmu.

Mariƙin sili

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne hannun kafinta yake wuni. Ku dubi yadda ake fitar da rami guda a tsakiyar zayyana. Za ka huda katako da injin huda, ka sassauta sili, ka kwance bakinsa ɗaya, ka zura shi ta hudar, ka mayar ka ɗaure, ka ja shi ya yi tauri, ka yanka, sannan ka sake kwancewa don rami na gaba. Kan gado mai ramuka 200 yana nufin ka yi wannan sau 200. Idan kowane ɗauri sai ka nemo ɗan makulli ka durƙusa kana laluben noti a ƙarƙashin faranti, rabin yininka ya tafi a banza, kuma kafin wata shida haƙoran notin sun cinye. Nemi mariƙin da ake ɗaurewa da yatsa, da maɗaurin tauri a gaba inda hannu zai kai ba tare da ka tashi ba. Ka tambaya ko ana sayar da mariƙin shi kaɗai, domin shi ne abu na farko da zai gaji a jikin injin komai tsadarsa.

Sili ma iri biyu ne. Akwai mai 'yar ƙusa a gicciye a kowane baki, wanda ake ratayawa kawai. Sauƙin sawa gare shi, amma yana da kauri, kuma sai huda ta kai kusan milimita 5 kafin ya wuce. Akwai marar ƙusa, wanda ake matsewa, yana shiga hudar milimita 1, kuma shi ne ake samu a kowace lamba, daga siriri kamar gashi zuwa lamba 12 mai cin katako mai kauri. Injin da ba ya karɓar marar ƙusa ba zai yi maka rubutun Larabci mai kyau ba. Sili abin ƙarewa ne, a katako mai tauri irin maɗaci ko iroko sau da yawa ba ya cika awa guda bai dakushe ba. Shi ya sa ake sayar da shi dozin dozin, ko ƙunshi mai 144. Kafin ka sayi inji ka tabbatar da inda za ka riƙa samun silinsa. Pegas na Suwizalan da Olson na Amurka sanannu ne a wannan fage.

Gwaji a gaban mai sayarwa

Gani ya kori ji. Ko a Sabon Gari ta Kano kake, ko Panteka ta Kaduna, ko kasuwar Katako ta Yamai, kada ka biya sai an kunna. Ka fara ɗaga shi. DW788 ya kai kusan kilo 25, kuma nauyin nan shi ke shanye karkarwa. Injin da za ka ɗauka da hannu ɗaya zai riƙa yawo a kan benci, notinansa suna kwancewa. Ka kama bakin hannun sama ka girgiza shi hagu da dama. Idan ya yi wasa, gaɓoɓinsa sun ci. A kunna, ka ɗora kofin ruwa a kan faranti, a ƙara gudu daga ƙasa har ƙarshe, ka ga inda ruwan zai fara tsalle. Ka tsaya daidai gaban sili ka dube shi yana aiki: mai lafiya layi ɗaya za ka gani, marar lafiya zai yi faɗi kamar inuwa biyu. Daga nan ka ɗauko guntun katako mai kaurin inci ɗaya da rabi, ka ɗan tsaga shi kaɗan, ka kashe injin, ka zagayo da guntun ta bayan sili ba tare da ka kifa shi ba. Idan bayan silin ya shige tsagar salin alin, faranti da sili sun daidaita.

Ka kuma auna tazarar da ke tsakanin sili da ginshiƙin baya, domin ita ke faɗa maka girman katakon da za ka iya juyawa. Inci 16 ya isa haruffa da ƙananan alluna. Mai aikin gado da ƙofar kabad ya nemi inci 20 ko 21. Kauri kuwa, kusan dukkansu inci 2 ne iyakarsu, kada a tilasta musu aikin babban zarto.

Ƙura, da kulawar yau da kullum

Injin nan yana fitar da gari mai laushi ƙwarai, ga kuma ƙurar hunturu a kai. Ita ke shiga makunni ta hana shi kamawa, ita ke haɗuwa da mai ta zama abin goge ƙarfe. A share shi duk yamma, a sassauta sili kafin a rufe shago, a lulluɓe shi da ƙyalle, a shafa wa faranti kakin zuma don kada damina ta sa masa tsatsa. 'Yar robar da ke hura iska a kan layin yanka takan tsage da zafi, a riƙa dubawa.

Ƙirjin mai aikin ya fi injin daraja. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Mai wannan zarto fuskarsa tana dab da inda garin yake tashi. Iyayena masu shaguna, amanar yara masu koyo tana wuyanku, ku saya musu takunkumin hanci na kirki, ku kuma fara sawa su gani.

Kammalawa

Na san kuɗi shi ne abin da ke ran kowa. Injin ƙwarai yana iya ninka mai araha sau biyar ko fiye, kuma ba kowa ne zai iya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a sana'a ranar da inji ya kwanta, aikin mutane yana jira, alkawari yana karyewa, wannan asarar ba a rubuta ta a rasit. Tsohon inji mai asali da ya ci gwajin da na lissafa ya fi sabo marar nauyi. Idan ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba, shaguna uku ko huɗu su haɗa su sayi guda mai kyau, su sa mutum ɗaya ya zama mai kula da shi. Ƙungiyoyin kafintoci su riƙa haɗa odar sili da mariƙi da kabon a sayo da yawa lokaci guda. Makarantunmu na koyon sana'a kuma su sa kwance inji da mayar da shi cikin darasi, ta yadda ɗalibi ba zai karɓi takardar shaida ba sai ya iya canza boris da hannunsa.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare hannuwanmu da lafiyarmu.