Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kurmi: Wa Zai Nemo Wa Talaka Takarda?



Ran 24 ga watan Janairu na 1980, ma'aikatan shige da fice suka dira gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka sa shi a mota, suka tsallakar da shi iyaka zuwa ƙasar Chadi. Mutumin nan kuwa ba baƙo ba ne a Yerwa, shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. Takardar korar ta fito ne daga ofishin Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, hujjarta kuma ita ce wai Shugaba ba ɗan Nijeriya ba ne, tun da mahaifinsa daga can Chadi ya fito.

Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. A nan hayaniyar siyasa ba ta da amfani, sai abin da aka rubuta da abin da aka iya tabbatarwa. Sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1979 ya nuna cewa wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun mulkin kai, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'ummar ƙasar ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Da aka tabbatar wa kotu asalin mahaifiyarsa, sai ta soke korar, ta kuma ce a biya shi diyyar Naira 350,000. Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma hukuncin cewa shi ɗan ƙasa ne ya tsaya daram.

To, Shugaba yana da jam'iyya a bayansa, da gwamna Muhammadu Goni, da lauyoyi, da jaridu masu buga labarinsa kullum. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Ikko fa, ko mai facin takalmi a Anacha, ko mai sayar da albasa a Fatakwal? Tambayar da aka yi wa Shugaba ita ake yi masa a shingen hanya da ofishin haraji, watau kai ɗan ina ne, wa ya ba ka izinin zama a nan. Amsar tana nan a rubuce, ta koma sashe na 25 da na 41 na Tsarin Mulkin 1999, ga kuma sashe na 43 da ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya. Amma amsar da ke cikin littafi, littafin kuma yana kan kanta a wani ɗaki da mai ita bai taɓa shiga ba, ba ta hana a kwashe masa kaya.

A nan ne aikin ma'aikacin laburare ya shigo. Jama'a sun ɗauka aikinsa shi ne kaɗe ƙura da hana surutu, alhali kuwa shi ne wanda ya koyi sanin inda kowace takarda take kwance, da yadda ake rarrabe sahihiya da ta bogi. Lauya ya san yadda ake jayayya da hujja, amma sau da yawa sai an nemo masa ita tukuna.

A birnin New York na Amurka, cikin 2004, lokacin da jam'iyyar Republican za ta yi babban taronta, dubban mutane suka shirya zanga-zanga. Sai wasu ma'aikatan laburare suka haɗa kansu, ba da albashi ba, suka kira ƙungiyarsu Radical Reference. Wasunsu suka fita titi cikin jama'a ɗauke da 'yan takardun da suka tanada, masu nuna haƙƙin wanda aka kama da lambar lauyoyi da hanyoyin gari. In tambaya ta fi ƙarfinsu, sai su buga waya ga abokan aikinsu da ke zaune gida da littattafai da kwamfuta. Bayan an watse suka ci gaba shekaru suna amsa tambayoyin 'yan gwagwarmaya da ƙananan 'yan jarida. Ba su kawo wani sabon ilmi ba, sana'arsu kurum suka ɗauko daga bayan tebur suka kai inda ake bukatarta.

Kayan aikin kuwa ba su yi wa ƙasar nan ƙaranci ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da Laburaren Ramat. A Zariya akwai Laburaren Kashim Ibrahim, mai sunan wani babban ɗan Barno. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Barno da sauran lardunan Arewa tun zamanin Razdan da Di'o, ga kuma Gidan Arewa da aka buɗe a 1970. Mazauna Kurmi ma ba sai sun hau mota zuwa gida ba, domin akwai irin wannan gidan ajiya a cikin Jami'ar Badun, akwai wani a Inugu. Har wa yau, tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa wa wanda ya rubuto yana neman takarda. Abin takaici shi ne, yawancin masu shiga waɗannan wurare ɗalibai ne masu neman digiri. Wanda aka rushe wa rumfa bai san da su ba, su ma ba su fito nemansa ba.

A ɗauki misalin Sabo ta Badun. An keɓe wa Hausawa unguwar nan tun 1916, wani Bature mai suna Abner Cohen kuma ya zauna cikinta ya rubuta littafi a kan fataucin goro da shanu da sarautarta, aka buga a 1969. Ranar da wani ya tashi ya ce mutanen Sabo jiya suka zo, littafin nan da fayilolin da ke jami'a sun fi dogon jawabi amfani. Haka nan da rikici ya ci kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, abin da ya kamata a fara yi bayan binne mamata shi ne a zauna a rubuta sunan kowane mai rumfa da abin da ya rasa, da rana da shaidu. Matan Barno sun riga maza gane wannan. Ƙungiyar Knifar, ta matan da aka tsare mazansu lokacin yaƙin Boko Haram, ta tattara sunayen mazan nan ɗaya bayan ɗaya ta miƙa wa kwamitin binciken da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2017. Kuka ana iya cewa ba a ji ba, amma jerin sunaye sai an ba da amsa a kansa.

Sai dai aikin yana da sharaɗi. Ma'aikacin laburaren da ya ba da yammacin Asabar ɗinsa ga ƙungiyar 'yan kasuwa, tilas ya kawo abin da ya samu ko da bai yi wa masu tambaya daɗi ba. In takarda ta nuna filin ba nasu ba ne, gara su ji daga bakinsa a zaure da su ji daga bakin lauyan abokin shari'a. Tilas kuma ya riƙe amanar wanda ya tambaye shi, kada sunan mai neman rahoto ya riga rahoton fita.

Mutanen Barno ba su bukatar a koya musu darajar takarda. Sarakunan Sayfawa sukan ba gidajen malamai wata takarda da ake kira mahram, wadda ta ɗauke musu haraji da fita yaƙi, zuriya kuma takan adana ta ɗaruruwan shekaru domin ranar da wani hakimi zai manta. Amma takarda guda a akwati guda ba ta da tabbas. Ran 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya jiƙa takardun filaye da na makaranta a gidaje masu yawa. Saboda haka kowace ƙungiyar 'yan Arewa a Ikko da Badun da Fatakwal ta nemi ma'aikacin laburare ɗaya cikin 'ya'yanta ko maƙwabtanta, a ɗauki hoton takardun rumfuna da rasiɗan haraji da yarjejeniyar da aka yi da masu gari, a ajiye kofi ɗaya wurin sarkin Hausawa, ɗaya kuma a aika da shi gida.