Ɗan Ƙwallo da Takardar Yarjejeniya: Ina Aikin Lauya?



Da aka ce in yi magana a kan shari'a da wasanni, sai wani abokina ya yi dariya, ya ce shi alƙali ɗaya ya sani a sha'anin ƙwallo, watau mai busa usur. Lalle ba shi kaɗai ne mai wannan zato ba. Amma tun ranar da tamaula ta tashi daga abin nishaɗi ta zama sana'a, ɗan wasa ya zama ma'aikaci kamar kowane ma'aikaci. Yana da ubangida, yana da albashi, yana kuma da takardar da ya sa wa hannu. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, wannan takarda tana iya ɗaure mutum ko da ƙafarsa ta fi ta kowa gwaninta, kuma lokacin neman lauya shi ne kafin a sa hannu.

Bari mu fara da labarin Jean-Marc Bosman, mutumin Beljiyam. A shekarar 1990 wa'adin yarjejeniyarsa da kulob ɗin Liège ya cika. Kulob ɗin ya miƙa masa sabuwa wadda ta rage albashinsa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ƙi, ya nemi komawa Dunkerque ta Faransa. To, a dokar ƙwallo ta wancan zamani, ko da wa'adin ɗan wasa ya ƙare, ba shi da ikon tafiya sai an biya tsohon kulob ɗinsa kuɗi. Cinikin ya lalace, Bosman ya zauna ba nan ba can. Sai ya kai ƙara. Aka yi ta shari'a har ran 15 ga Disamba, 1995, inda Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ɗan ƙwallo ma'aikaci ne, idan wa'adinsa ya cika yana da 'yancin komawa wata ƙasa ta Tarayyar ba tare da an biya ko kwabo ba. Dubban 'yan wasa sun yi arziki ta wannan hukunci. Shi kuwa Bosman ya shiga shari'ar yana da shekara 25, ya fito yana da 31, ƙuruciyar da zai yi sana'ar da ita ta wuce. Ku lura da wannan: ya yi nasara a kotu, amma kotu ba ta iya mayar masa da shekarunsa.

Bayan wannan hukunci ne hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta fito da sababbin ƙa'idojin sauya kulob a shekarar 2001. Biyu daga cikinsu sun shafe mu ƙwarai. Ta farko, ba a fitar da yaro zuwa kulob na wata ƙasa sai ya cika shekara 18, in ban da 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura don wata hidima da ba ta ƙwallo ba. Wannan ƙa'ida ce ta sa Ahmed Musa, da ya tashi daga Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, ya dakata sai watan Oktoba da ya cika 18 kafin ya fara buga musu. Ta biyu, duk sa'ad da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin wa'adinsa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ashe ke nan ƙaramin kulob na garinmu yana da haƙƙi a cinikin da aka ƙulla a Turai. Sai dai haƙƙin ba ya fitowa sai in an yi wa yaron rajista, an adana takardunsa. Wanda bai rubuta ba, ba shi da shaida.

Sa'an nan ga labarin ɗanmu na gida, John Mikel Obi, haifaffen Jos. A ƙarshen Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, yana wasa a kulob ɗin Lyn na ƙasar Norwe, sai Manchester United ta ba da sanarwar ta saye shi, har aka ɗauki hotonsa sanye da rigarta. Chelsea ta ce ai ita ta riga ta shirya da shi da wakilansa. Shi kuma daga baya ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu, wakilansa ba sa nan. Yaron da a wannan shekara aka zaɓa na biyu bayan Lionel Messi a gasar matasa ta duniya, sai ga shi ya shafe watanni ana ja-in-ja a kansa maimakon ya yi wasa. Ba a sasanta ba sai Yunin 2006, da Chelsea ta amince ta biya fam miliyan 16: miliyan 12 ga United, wadda bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba, miliyan 4 ga Lyn. Daɗin daɗawa, a 2008 wata kotu a Norwe ta sami wani babban jami'in Lyn da laifin yin jabu a takardun yarjejeniyar yaron. Mikel ya tsira domin manyan kulob biyu ne ke sonsa. Yaron da babu mai rububinsa fa, wa zai fanshe shi?

A nan ne aikin lauya yake, kuma ya kamata mu raba shi da na dillali. Dillalin 'yan wasa la'ada yake ci, ita kuwa la'ada sai ciniki ya faɗa ake samunta. Saboda haka ko yana da kirki, zuciyarsa tana wajen a sa hannu. Lauyan ɗan wasa shi ne zai zauna ya karanta takardar sala-sala, ya tambaya: shekara nawa ne wa'adin? Da wane kuɗi za a biya albashi, a wace rana? In yaron ya karye, wa zai ɗauki nauyin jinya? In aka yi rigima, gaban wa za a je? Shi ne zai sanar da ɗan wasa cewa a ƙa'idar FIFA, idan kulob ya riƙe masa albashin wata biyu, yana iya ba da gargaɗi a rubuce na kwana 15, in ba a biya ba ya raba gari da su ba tare da laifi ba. Shi ne kuma ya san cewa ana ɗaukaka ƙara daga hukuncin FIFA zuwa kotun sasanta rigingimun wasanni da aka kafa a 1984 a birnin Lausanne na Suwizalan, kuma kwana 21 kawai ake bayarwa. Wanda ya makara, ƙofa ta rufe, ko da gaskiya na hannunsa.

'Yan'uwa, kusan kowannenmu yana da ƙane ko ɗan maƙwabci da ke buga ƙwallo a filin unguwa, yana mafarkin Turai. Wata rana baƙo zai zo da takarda cikin harshen da mahaifin yaron ba ya ji, za a ce a yi sauri jirgi zai tashi. Mu da muka yi boko mu za a kira. Kada kunya ta sa mu ce komai daidai ne alhali ba mu fahimta ba. A karɓi kwafi, a nemi kwana biyu, a kai wa lauyan da ba baƙon ne ya kawo shi ba. Mai niyyar kirki ba zai ƙi wannan ba.

Ku kuma masu karatun shari'a, ga fage nan da ke bukatar ma'aikata. Masu riƙe da ofisoshin wasanni na jihohi su taimaka wa ƙananan kulob su riƙa adana rajistar yaransu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.