Kyanwa Mai Launi Uku da Littafin Gado



Duk wanda ya lura da kyanwoyin gidajenmu na Gwandu ko Kalgo zai ga cewa mai launi uku, wato baƙi da ja da fari, kusan kullum mace ce, da wuya a ga muzuru haka. To, me ya sa?

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai zaren gado, wato DNA, mai tsawon kimanin mita 2, a naɗe jikin wasu furotin kamar zare a mazari. Wannan naɗin shi ake kira kuromatin. Inda ya yi sako-sako ana karanta saƙon gado. Inda ya ɗaure tamau kuwa, ya zama kamar littafi cikin gafaka: rubutu na nan, amma ba mai karantawa.

Mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji ɗaya. A 1961 Mary Lyon ta Ingila ta bayyana cewa tun ɗan tayi yana ƙarami kowace ƙwayar jikin mace takan rufe ɗaya daga cikin biyun, wata ta rufe na uwa, wata na uba. A 1991 aka gano mai rufewar: wani RNA ne mai suna Xist, wanda ba a yin furotin da shi. Aikinsa shi ne ya lulluɓe kuromosom ɗin, ya jawo furotin masu tamke naɗin. Da yake gadon baƙi da ja na kyanwa a kan X yake, sai gashinta ya fito dabbare-dabbare. Farin kuwa daga wani gadon daban yake.

Jama'a, zancen bai tsaya ga kyanwa ba. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a ƙasarmu, shi ma a kan X ake gadonsa. Macen da ta gaje shi daga gefe guda, wasu jajayen ƙwayoyin jininta lafiyayyu ne, wasu raunana, gwargwadon wanda aka rufe. Maganin zazzaɓi irin firimakwin, ko kafur ɗin da ake sa wa kayan jarirai, yana iya farfasa raunanan, har shawara ta biyo baya. Saboda haka kada a ce ciwon maza ne kawai. A gwada jinin mata ma kafin a ba da irin wannan magani.