TALABIJIN MAI INTANET A GIDAN MA'AIKACI: A RUFE ƘOFA, A CI MORIYAR ƊAKI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na reshen ƙungiyarmu na Kano

 

Muna godiya ga Allah da Ya sake tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin wannan reshe da suka ba tsohon malami damar tsayawa gaban jama'a. Mafi yawan waɗanda ke zaune a nan a masana'antu suke neman halaliyarsu, wasu a kamfanonin roba na Sharada, wasu a majemun Challawa, wasu a Bompai. Da yawanku mun koyar da ku ƙidaya da alli da allo. Yau mun zo da darasi a kan wani allon daban, wanda ke rataye a bangon falonku.

Mu da muka manyanta mun ga farkon abin. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, tashar da yau ake kira ARTV. A wancan zamani tasha kan buɗe da yamma ta rufe da dare, kuma maigida ya san abin da za a nuna. Akwatin yau kuwa kwamfuta ce sanye da rigar talabijin. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari neman babban allo, da wuya ya fito da wanda ba ya shiga intanet. Tambayar da aka yi ta yi mana ita ce: shin dole ne a haɗa shi? Amsa ita ce a'a, kuma muna da dalilai uku.

Na farko, tarbiyya. Aikin masana'anta aikin karɓa-karɓa ne. Uba ya fita aikin dare, uwa na fama da girki da goyo, rimot na hannun yaro ɗan shekara tara. Tashar ARTV ko NTA ko Arewa24 tana da masu tace shirye-shirye da hukumar da ke sa mata ido. YouTube kuwa ba ya rufe tasha, kuma da bidiyo ya ƙare wani zai hau da kansa. Shekarun da muka yi a aji sun koya mana gane yaron da bai yi barci ba tun daga layin safe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, aljihu. Kallon fim mai tsabtar hoto na awa ɗaya kan iya cinye data har gigabait 3. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000 ne. Ma'aikaci ya lissafa da kansa: kuɗin haya, kuɗin makaranta, kuɗin wuta, da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a gida. Ina gurbin akwatin da ke shan data kamar rairayi?

Na uku, sirrin gida. Yawancin waɗannan akwatuna na ɗauke da manhajar da ke gane abin da ke kan allo, ta aika wa kamfani rahoto domin a san tallar da za a jefo maka. Wannan ba jita-jita ba ce. A 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma rigakafi ya fi magani. Akwatin da ba a haɗa da intanet ba, ba shi da hanyar kai tsegumi.

To, yaya ake yi? Ranar da aka fara kunna shi zai nemi a haɗa shi da intanet, a kuma buɗe asusu. A tsallake waɗannan matakai, akasarinsu kan bari a wuce. Sai a sa masa eriya don tashoshin gida, ko a jona dikoda ta StarTimes ko GOtv ta ramin HDMI. Akwai kuma ramin USB, inda maigida zai sa filas ɗauke da karatun Alƙur'ani, tafsiri, darussan yara, da finafinan da shi da uwargida suka zaɓa da idonsu. Hoto da sauti ba za su ragu da komai ba. Idan an riga an haɗa, a shiga saiti a goge sunan layin da lambar sirrinsa. In wata matsala ta sa dole a sabunta manhajarsa, a haɗa na ɗan lokaci, a gama, a sake gogewa. Wayar babban wa ma ƙofa ce, domin da ita yara kan ba akwatin intanet in babba ya juya baya, saboda haka a riƙa dubawa.

Ga masu aika talabijin gida kuwa, muna roƙo ku saita shi tun daga nan Kano, ya riƙa buɗewa kai tsaye a kan tasha. Mun ga dattijon da ɗansa ya aiko masa da babban allo, ya yi wata biyu a lulluɓe da zane, domin duk lokacin da aka kunna sai ya tsaya yana tambaya da Turanci.

Ba gaba muke yi da zamani ba. Intanet na da ilimi mai yawa, kuma yaron da zai yi jarrabawar JAMB a kwamfuta dole ya san ta. Abin da muke cewa shi ne a shige ta da niyya, a gaban babba, a lokacin da aka ƙayyade. Maigida ba ya kwana ƙofar zaurensa a buɗe don kawai kafinta ya yi ta da faɗi.

Allah Ya albarkaci guminku, Ya shirya mana zuriya, Ya maida kowa gidansa lafiya.